Zaki, kura da shanun makiyaya: tambayoyi da amsoshi kan abin da masu bincike suka gano

Duk lokacin da aka ɗauko zancen kare namun daji sai ka ji wani ya ce ai wannan aikin Turawa ne da suka ƙoshi, mu da muke fama da na cefane ina ruwanmu da zaki. Wani kuma zai ce ai dama babu sauran zaki a ƙasar nan sai a gidan zu. Ga dai tambayoyin da aka fi yi, da abin da waɗanda suka shiga dajin suka ƙirga suka samo.

Wai tukuna ma akwai sauran zaki a yankinmu?

Akwai, amma saura ƙiris. Tsakanin 2006 da 2012 wata tawaga da Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera ya jagoranta ta bincika manyan gandayen daji 21 na Afirka ta Yamma, wasu ta shiga da kanta wasu ta tattara bayanansu, inda ake kyautata zaton akwai zaki, a huɗu kawai suka tabbatar da shi. Niokolo-Koba a Senegal, sai haɗakar dazukan W da Arly da Pendjari da ta ratsa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Jimilla kusan zaki 400, kuma manya masu iya haihuwa ba su kai 250 ba. Kusan 350 daga cikin 400 ɗin nan a waccan haɗakar ta W suke, kaga kenan na Yankari da Kainji da Senegal in ka haɗa su ma ba su taka kara sun karya ba. An buga sakamakon a 2014, a 2015 aka sa zakin Afirka ta Yamma a jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna zakin namu na yamma da na tsakiyar Afirka ya fi kusanci da zakin Indiya na dajin Gir fiye da na Kenya ko Afirka ta Kudu. Saboda haka in ya ƙare ba za ka ce bari a ɗauko na Tanzaniya a zuba a Yankari shi kenan ba, ba iri ɗaya ba ne.

Ta yaya ake ƙirga dabbar da ba ta tsayawa a ganta?

Nan ne wahalar aikin take wallahi. Mutum zai iya yin wata guda a daji bai sa zaki a idonsa ba alhali yana nan. Hanya ta farko ita ce bin sawu, da sassafe kafin iska da motoci su ɓata ƙasa, mota tana tafiya a hankali wani gwanin sawu yana zaune a gaba yana duba hanya, duk sawun da aka gani a auna a rubuta wurin. Galibi gwanayen nan tsoffin mafarauta ne ko makiyaya, don mai digiri ba ya iya bambance sawun jiya da na shekaranjiya. Ta biyu ita ce kira da lasifika, a ɗora ta kan mota da dare a saki kukan ɗan ɓauna da ke cikin wahala, sai a kashe fitila a yi tsit a jira a ga wa zai zo. Kuraye ne kan riga kowa zuwa. Matsalar dai zakin da ya sha harbi da guba ba ya amsa irin wannan gayyata, ya riga ya san mutum.

Sai kyamarar da ake ɗaurewa jikin bishiya, tana ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya gifta. Damisa tana da sauƙin ganewa don zanen jikin kowace daban ne, shi kuwa zaki sai an duba ɗigo-ɗigon gindin gashin bakinsa da tabon kunne. Akwai kuma abin wuya mai GPS, a harba wa zaki allurar barci a ɗaura masa, daga nan kana zaune gaban kwamfuta kana ganin inda ya kwana da rugar da ya zagaya cikin dare.

Sannan kashi. E, kashin zaki. Wata 'yar Najeriya mai bincike, Talatu Tende, da shi ta yi aikinta a Yankari da Kainji, ana tsintar kashin a daji a kai ɗakin gwaji a ciro ƙwayoyin halitta, daga nan a san zaki nawa ne daban-daban suka yi shi, mace ce ko namiji, kuma ko suna ta auren junansu saboda ƙarancinsu. Gashin da ke cikin kashin kuma shi ke tona abin da aka ci, na saniya ne ko na gwanki.

Me ke sa zaki ya bar naman daji ya koma kan shanu?

Babban dalili dai abincinsa ne ya ƙare. In mafarauta sun kwashe gwanki da ɓauna da mariya da gadu sun kai kasuwa a matsayin naman daji, kuma an tura garke cikin gandu saboda burtali da wuraren kiwo sun zama gonaki, toh me kake so ya ci? Saniya ba ta gudu kamar barewa, ba ta faɗa kamar ɓauna.

Gandun Waza da ke arewa mai nisa a Kamaru, dab da iyakar Borno da Chadi, yana cikin wuraren da aka fi yi wa wannan bincike a kusa da mu. Hans Bauer ya yi aikin digirinsa na uku a can ƙarƙashin jami'ar Leiden ta Holan, bayansa Pricelia Tumenta 'yar Kamaru ta ɗora. Abin da suka gani, a 2002 ana ƙiyasta zakunan Waza 40 zuwa 60, zuwa 2008 sun koma manya 14 zuwa 21. Dabbobin gida kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da zakunan ke ci. Abin wuyan ya nuna wani abu mai muhimmanci, ba duka zakuna ne ke ɓarna daidai da juna ba, wasu kusan ba sa fita daga gandu, wasu kuwa sun mayar da ruga gidan cin abinci.

Lokaci ma yana da tasiri. A wurare irin su Tsavo ta Kenya an ga hare-hare sun fi yawa da damina. Da rani namun daji duk suna taruwa a bakin ruwa, zaki ya kwanta kawai ya jira, amma da ruwa ya sauka kowa ya watse cikin daji, ciyawa ta yi tsawo, sai shanu su zama su ne a kusa.

To tsakanin zaki da kura wa ya fi ɓarna?

A wurare da dama kura ce, amma zaki ake kashewa. Bernard Kissui, ɗan Tanzaniya, ya bi diddigin wannan a ƙasar Masai kusa da gandun Tarangire. Ya samu kura da damisa sun fi ɗibar awaki da tumaki, galibi da dare, kura takan fasa shinge ta shiga. Zaki kuwa shanu yake kamawa kuma sau da yawa da rana a wurin kiwo. Amma da aka zo ramuwa zakuna ne suka fi mutuwa, saboda saniya ta fi tsada, kuma zaki yakan tsaya kusa da abin da ya kashe ko ya dawo masa, ita kuwa kura kafin gari ya waye ta cinye har ƙashi ta yi gaba. Ga kuma suna, wanda ya kashe zaki ana yi masa kirari, wa zai yi maka kirari don ka kashe kura.

Kuma in aka zauna da makiyaya aka yi lissafin shekara tsaf, binciken Kissui da wasu da yawa sun nuna cuta ta fi namun daji cin dabbobi nesa ba kusa ba, ga fari ga sata. Amma ni ba na son yadda wasu masu bincike ke ɗaga wannan kamar suna cewa makiyayi yana zuzutawa ne. Matsakaicin lissafi na iya cewa asarar yanki kashi 2 ko 3 ce cikin ɗari a shekara, amma ai ba raba ta ake yi daidai ba, mutum ɗaya ne da ke bakin gandu za a kashe wa shanu uku cikin goman da ya mallaka a dare guda, shi wannan kashi 2 ɗin ba ta gaya masa komai.

Da gaske ne kura tana zaune lafiya da mutane a Habasha?

Da gaske ne. A Harar, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa, kuraye na shigowa da dare su share shara da ragowar mahauta, har akwai masu ba su nama da hannu a bayan ganuwa baƙi na kallo. Mu nan mun saba ganin kura da takunkumi a hannun gardawa, su can sake take. A kewayen Mekelle kuma Gidey Yirga ya yi wani bincike mai daɗi, ya tara kashin kuraye kafin babban azumin Kiristocin Habasha da lokacinsa da bayansa. A azumin nan mutane na daina cin nama, mahauta su rufe, babu abin zubarwa, sai ga gashin jaki ya ninka a cikin kashin. Wato da shara ta yanke kura ta koma farautar jakuna.

Suna kai wa mutane hari kuwa, ko dabbobi kawai?

Suna kaiwa, ba a ɓoye wannan. Mafi muni da aka rubuta a zamanin nan a kudancin Tanzaniya ne. Craig Packer da abokan aikinsa sun tattara bayanai daga 1990 zuwa 2005, mutum 563 zakuna suka kashe a faɗin ƙasar, sama da 300 suka jikkata, abin ya fi tsanani a Rufiji da Lindi. Da suka bi sila sai suka tarar da aladen daji a tsakiyar maganar. Aladen na cinye amfanin gona da dare, manomi dole ya kwana a 'yar bukka a gona yana gadi, zakuna kuma da sauran namun daji suka yi musu ƙaranci suna bin aladen har cikin gonar, sai su ci karo da mutum yana barci.

Daga baya suka gano har wata yana da hannu. Zaki ba ya samun sa'ar farauta in akwai farin wata, saboda haka zuwa sha huɗu ga wata yana cikin yunwa, sannan a kwanakin da ke biye wata ba ya fitowa da wuri, daga magariba zuwa bayan isha duhu ne ƙirin kuma lokacin mutane na waje. A kwanaki goman nan na bayan cikar wata aka fi kai hari. Irin wannan sani ne nake ganin ya fi amfani, don ko ba ka da sisi za ka iya gaya wa yara su shige gida da wuri a waɗannan kwanaki.

Wace dabara ce aka gwada aka ga tana aiki?

Wadda ta fi ƙarfin hujja ba wata sabuwa ba ce, shinge mai kyau. Tun 2003 Mordecai Ogada da abokansa suka nuna a Laikipia ta Kenya cewa garken da ke kwana a shinge mai ƙarfi, da mutane da karnuka a kusa, ya fi tsira. Abin lura shi ne sau da yawa zaki ba tsallakawa yake ba, zagayawa yake yi shanu su ji warinsa su firgita su fasa ƙayar da kansu su fito masa. Shi ya sa a Tanzaniya ƙungiyar African People & Wildlife ta haɗa kai da Masai suka fito da shingen da ake dasa itatuwa masu rai dangin dashi a jere a ɗaure musu wayar raga, itacen ya yi saiwa ya ci gaba da girma, ba sai an riƙa saran ƙaya duk shekara ba. Hare-haren dare kusan sun tsaya cak a gidajen da aka yi wa. Sai dai kowa ya gani wannan na mai zama wuri ɗaya ne, wanda ke tashi da rani ya tafi neman kiwo ba zai ɗauki shingen a ka ba, kuma gaskiya wannan gibin har yanzu bincike bai cike shi yadda ya kamata ba.

Da rana kuma babba ya bi garke maimakon a bar wa ƙananan yara, kuma a tabbata an ƙirga dabbobi kafin duhu, don da yawan waɗanda ake ci ɓatattu ne da suka kwana a daji.

Akwai ta wani yaro ɗan Masai, Richard Turere, daga Kitengela a bakin gandun Nairobi. Ya lura zakuna ba sa zuwa in yana yawo da tocila, sai ya haɗa batirin mota da sola da 'yar na'urar sigina ta babur, ya jera ƙwayaye kewaye da shinge suna kunnuwa suna mutuwa kamar mutum na zagayawa. Yanzu ana amfani da ita a ƙasashe da dama.

Wadda ta fi ba mutane dariya ita ce ta Botswana, zana idanu a ɗuwawun shanu. Zaki ɗan kwanton ɓauna ne, in ya ga kamar an gan shi sai ya fasa. Masu bincike daga jami'ar New South Wales ta Ostireliya suka gwada a garke 14 na kusan shekara huɗu a yankin Okabango. Cikin shanu 683 da aka yi wa idanu ba a kashe ko ɗaya ba, cikin 835 da aka bari haka nan an kashe 15, cikin 543 da aka yi wa alamar gicciye kawai an kashe 4. Amma su da kansu sun ja kunne, a kowane garke akwai marasa zane da zakin zai zaɓa, in aka zana wa kowa fa? Kuma fentin na gogewa cikin 'yan makonni.

Karnuka ma suna aiki, a Namibiya tun 1994 ake raba wa manoma manyan karnukan kiwo 'yan asalin Turkiyya. Sai dai kare na zuwa da nasa, a 1994 ɗin dai wata cutar karnuka ta kashe zakuna kusan 1,000 a gandun Serengeti na Tanzaniya, don haka sai da rigakafi.

Kenan an gama gano maganin abin?

Ina! A 2017 wasu masu bincike a Suwidin suka tattaro rubuce-rubuce 562 kan dabarun kare dabbobi daga namun daji, 21 kacal suka samu an yi musu gwaji na ƙa'ida, wato a yi wa wasu garke a bar wasu a kwatanta. Sauran duk labari ne, mun raba fitilu mutane sun ce sun ji daɗi. Toh wanda ka ba kyauta ai ba zai ce maka ba ta aiki ba. Har kashe dabbar da ake zargi, wanda hukumomi suka fi saurin yi, hujjarsa ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato, don sau da yawa ba mai laifin ake kashewa ba, kuma in wuri ya zama babu mai shi wani matashin zaki ne zai shigo.

Me ya sa ba za a biya diyya kawai a huta ba?

An gwada. A Mbirikani kusa da Amboseli a Kenya an fara asusun diyya a 2003, in an kashe maka dabba jami'i ya zo ya duba gawar da sawu, a biya ka, amma a rage kuɗin in shingenka ba shi da kyau ko ka bar dabbar ta kwana a daji, kuma in aka kashe zaki a yankin a ci tara. Kisan zakuna ya ragu sosai. Matsalolin su ne kuɗin daga masu ba da tallafi yake zuwa, ranar da suka gaji fa, ga jinkiri, ga mai kawo mushen da cuta ta kashe ya ce kura ce. A inda gwamnati ke biya kamar Indiya, kukan da aka fi yi shi ne yawan takardu da daɗewa.

Suwidin ta juya abin, tun 1996 ana biyan makiyayan ƙabilar Sami ta arewacin ƙasar gwargwadon yawan namun dajin da suka haihu a yankinsu, ba gwargwadon dabbar da aka ci ba. Kaga mai rai ne ke kawo kuɗi, kuma ba wanda zai yi sakaci da garkensa.

Ni dai a ganina tushen rigimar nan ne. Kuɗin 'yan yawon buɗe ido yana tafiya asusun gwamnati da otal-otal, asara kuma tana kan na bakin gandu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shirin Lion Guardians da Leela Hazzah da Stephanie Dolrenry suka fara a Kenya a 2007 ya gane haka, sai suka ɗauki samarin Masai, wasu ma tsoffin makasa zaki, suka ba su albashi da waya da GPS. Aikinsu su bi sawu da safe su sanar da makiyaya kar a kora ta can yau, su nemo ɓatattun shanu da yara, su gyara shinge, in an yi ɓarna su tare 'yan uwansu kafin a fita farautar ramuwa. Kisan zaki a yankunansu ya faɗi ƙasa warwas, kuma su ne suke tara bayanan da ake rubuta takardun ilimi da su.

Guba fa? Ai ita ce mafi sauƙi.

Ita ce mafi muni. Ana barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushe, wanda ya yi ƙaurin suna a Kenya shi ne Furadan. Ba ta zaɓe, duk garken zakunan za su ci har 'ya'ya, kura ta ci, dila ya ci, karen ruga ya ci, sannan ungulaye su sauka da yawa su mutu a wurin. A Botswana a 2019 ungulu 537 suka mutu a kan gawarwakin giwaye da mafarauta suka sa wa guba. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara. Duk wanda ya girma a garuruwanmu ya san da can ba a raba mahauta da ungulu, yanzu je ka duba, ko da yake mu nan cinikin sassan jikinta don magani ma ya taimaka wajen ƙarar da ita. Sannan gubar tana bin ruwan sama ta gangara tafkin da shanun mai gubar ke sha.

Rashin tsaro bai hana binciken ba?

Ya hana sosai, kuma abin takaici daidai inda zakunan suka rage ne. Tun sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa daga can. Haɗakar W ta zama mafakar 'yan bindiga, a Fabrairun 2022 an kashe ma'aikatan African Parks, ƙungiyar da ke kula da gandun, a ɓangaren Benin da nakiyoyin da aka binne a hanya. Kainji ma ana fama. Shi ya sa in ka ga wani ya kawo maka adadin zakunan yau na waɗannan wurare da cikakken tabbaci, tambaye shi yaushe aka shiga aka ƙirga.

Ni ɗalibi ne, in ina son wannan fanni daga ina zan fara?

Akwai kwalejin kula da namun daji ta tarayya a New Bussa kusa da Kainji, akwai makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru da ke horar da ma'aikata daga ƙasashe masu Faransanci tun 1970, akwai cibiyar APLORI ta jami'ar Jos, wadda ta fi ƙarfi kan tsuntsaye amma tana koyar da dabarun bincike da lissafi da za su yi maka aiki a kan kowace dabba. Ka dage da lissafin ƙididdiga da manhajar taswira, su ne ke kayar da mutane.

Kuma ba sai kana da kuɗin abin wuya mai GPS ba, wannan miliyoyi ne. Rabin fannin nan hira ce da mutane, kuma wanda ke jin Hausa da Fulatanci ya riga baƙo nisa. Ka fara gaida ardo da mai unguwa, ka bayyana cewa kai ba ɗan leƙen asirin ma'aikatan gandu ba ne kuma ba diyya ka kawo ba, don in aka zaci akwai kuɗi adadin shanun da aka ci zai ninka, in aka zaci kama mutane za a yi ba wanda zai ce ya taɓa ganin guba. Ka ba wasu 'yan rugage littafi su riƙa rubuta kowace asara da ranarta da dalilinta, cuta ko sata ko kura, ka riƙa zagayowa duk wata kana duba gawa da sawu da idonka, har shekara ta zagayo da raninta da daminarta.